Makarantar Jamaica ta birnin New York: yadda ta tashi, da yadda aka rufe ta bayan shekara 122

Jamaicar da nake nufi ba ƙasar nan ta yankin Karibiyan ba ce, wata unguwa ce a gundumar Queens cikin birnin New York na Amurka, kuma a can ne aka yi wata sakandaren gwamnati mai suna Jamaica High School wadda a wajen 1950 ɗalibanta sun haura 4,500, amma ranar da ta yi bikin yaye ɗalibai na ƙarshe a watan Yunin 2014 mutum 24 ne kacal suka karɓi satifiket. Hukumar ilimi ta birnin ta ce makarantar ta gaza shi ya sa aka rufe ta, malamai da tsofaffin ɗalibai kuma suka ce a'a, yunwa aka sa mata da gangan har ta mutu. Ni dai da na bi lamarin daki-daki abin da na gani shi ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma fa gaskiyar ba ta zo daidai wa daida ba, kuma zan faɗi inda na fi karkata.

Ana ƙirga tarihinta a matsayin sakandare ne daga 1892, lokacin ma Queens ba ta shiga cikin birnin New York ba, sai a 1898 aka haɗe su. Ginin da ta zauna a ƙarshen shekarun 1890 yana kan titin Hillside Avenue, wani mai zanen gini William Tubby ne ya zana shi, har yanzu yana nan tsaye. To sai jirgin ƙasa ya iso, mutane suka yi ta kwararowa daga Manhattan da Brooklyn suna neman gida mai ɗan fili, kaga a 1920 mutanen Queens ba su kai rabin miliyan ba amma zuwa 1930 sun wuce miliyan ɗaya, cikin shekara goma kawai fa. Ginin farko ya yi kaɗan. Shi ne a 1927 aka buɗe sabon gini a kan tudu a titin Gothic Drive, zanen William Gompert, ƙaton gini na jan bulo mai hasumiya a tsakiya, fili wajen eka 13, da babban ɗakin taro da wurin ninƙaya da filin wasanni. Duk wanda ya kalli ginin nan ya san waɗanda suka gina shi ba su ɗauki karatun ɗan talaka da wasa ba, don yaran da aka gina wa shi 'ya'yan ma'aikatan kamfani ne da masu ƙananan shaguna da baƙin da suka zo daga Italiya da Ireland da Jamus da Yahudawan gabashin Turai, ba 'ya'yan masu kuɗi ba.

Irin wannan makaranta tsarinta mai sauƙi ne, in dai gidanku yana cikin yankin da aka shata mata to nan za ka je, babu jarrabawar shiga babu cike fom ɗin zaɓi. Yaro mai ƙwaƙwalwa kamar me da yaron da ke jan ƙafa duk ƙofa ɗaya suke shiga da safe, ɗan likita da ɗan direban bas su haɗu a layin abinci. Kuma saboda yawan ɗalibai makarantar tana iya buɗe abubuwa da yawa, harsuna kala-kala, ajin kiɗa, jaridar makaranta, ƙungiyoyin wasanni, azuzuwan da ake karatun matakin jami'a tun daga sakandare. Mutanen da suka fito daga cikinta ma sun isa shaida: Stephen Jay Gould masanin kimiyyar halittu na jami'ar Harvard, Bob Beamon wanda ya yi tsallen nisa na mita 8.90 a gasar Olamfik ta Mexico a 1968 har aka kusan shekara 23 ba a karya tarihin ba, John Mitchell da ya zama antoni janar na Amurka zamanin Shugaba Nixon kuma ya ƙare a kurkuku saboda badaƙalar Watergate, marigayiya Sheila Jackson Lee wadda ta yi 'yar majalisar wakilai daga Texas, da Jelani Cobb wanda ya zama shugaban makarantar koyon aikin jarida ta jami'ar Columbia a 2022. Baƙi da farare, 'yan siyasar dama da na hagu, duk gini ɗaya.

Daga shekarun 1960 unguwar ta fara canzawa. Baƙaƙen fata masu ɗan hali suka yi ta sayen gidaje a kudu maso gabashin Queens, farare da yawa kuma suka tattara suka koma Long Island, sannan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga mutanen Karibiyan da Asiya da Latin Amurka, sai ga 'yan Guyana da Haiti da Trinidad da Indiya, daga baya 'yan Bangladesh. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa gaba ɗaya aka sallami dubban malamai. Duk da haka Jamaica ba ta faɗi ba, wannan abu ne da mutane ke yawan mantawa in suna ba da labarin, suna yi kamar da farare suka tafi shi kenan makaranta ta lalace. Ba haka aka yi ba. A 1985, lokacin da mafi yawan ɗalibanta ba farare ba ne, ma'aikatar ilimi ta tarayyar Amurka ta saka ta cikin fitattun sakandaren ƙasar.

Shekara ɗaya bayan wannan yabo, a Nuwamban 1986, aka harbi wani ɗalibi a cikin ɗakin taron makarantar. Lokacin ne kuma hodar iblis nau'in kirak ta mamaye South Jamaica, wato kudancin unguwar, kashe-kashen 'yan ƙwaya ya yi yawa har a 1988 aka bindige wani matashin ɗan sanda Edward Byrne yana zaune cikin mota yana gadin gidan wani mai ba da shaida, labarin ya zagaye Amurka duka. Sunan Jamaica ya fara ba iyaye tsoro, ko da yake makarantar tana can kan tudu nesa da inda abin ya fi muni. Kuma a daidai wannan zamani zaɓi ya fara yawa, an sake buɗe sakandaren Townsend Harris a Queens a 1984 wadda ke tace ɗalibai ta ɗauki masu maki sosai, wasu makarantu suka buɗe shirye-shirye na musamman da ake shiga da sakamako. Uwa mai ido a buɗe wadda ta san yadda ake bin takardu sai ta kai ɗanta can. Ba za ka zarge ta ba wallahi, kowa ɗansa yake so ya tsira, amma duk yaro ɗaya irin wannan da ya tafi to ajin da ya bari ya ragu da wani abu.

Inda lamarin ya juya gaba ɗaya shi ne 2002. Michael Bloomberg ya hau kujerar magajin gari, majalisar jihar New York ta miƙa masa ikon makarantun birnin kai tsaye, shi kuma ya ɗauko Joel Klein, lauyan da ya jagoranci ƙarar gwamnatin tarayya a kan kamfanin Microsoft, ya ba shi shugabancin hukumar ilimi. Tunaninsu a fili yake ba su ɓoye ba: manyan sakandaren nan masu ɗalibai dubu uku dubu huɗu wuri ne da yaro ke ɓacewa ba wanda ya san sunansa, wasunsu ma ko kashi 40 cikin 100 ba sa yayewa, don haka gyara ba zai yi ba, a rufe su a zuba ƙananan makarantu masu ɗalibai ɗari huɗu ɗari biyar a cikin ginin. Gidauniyar Bill Gates ta zuba kuɗi sosai a wannan tunani, a 2003 kaɗai ta ba New York sama da dala miliyan 50. A zamanin Bloomberg an rufe ko an fara rufe makarantu sama da 150, an buɗe ɗaruruwan sababbi.

Tare da wannan aka kawo sabon tsarin shiga sakandare, kowane yaro ɗan aji takwas zai jera makarantu har 12 a fom yadda yake son su, kwamfuta ta raba. Masana tattalin arziki ne suka tsara shi, cikinsu har da Alvin Roth wanda ya ci kyautar Nobel a 2012, kuma gaskiya tsarin ya rage yawan yaran da ake bari ba makaranta. Amma akwai yaran da ba sa cikin wannan lissafi sam. Yaron da iyayensa suka sauka daga Dhaka ko Port-au-Prince a watan Nuwamba bai cike fom ba, yaron da ya fito daga gidan gyaran hali bai cike ba, wanda iyayensa ke yawo daga wannan gidan marasa galihu zuwa wancan shi ma haka, wanda aka kora daga wata makaranta shi ma. Waɗannan sai dai su je ofishin rajista a duba inda akwai kujera a tura su. Ina ne akwai kujera? Babbar makarantar da masu zaɓi suka guje wa. Ƙananan sababbin kuwa an ƙayyade musu adadi, in sun cika sun cika, kuma a shekarun farko na tsarin har izini aka ba su kada su ɗauki yara masu buƙata ta musamman da waɗanda ba su iya Turanci ba a shekara biyunsu na farko, sai daga baya da aka yi ta ƙorafi aka janye wannan. Ga kuma sauran manyan makarantun yankin da ake ta rufewa, Springfield Gardens, Far Rockaway, Franklin K. Lane, yaran da da can za su je, wasunsu dole su gangaro zuwa waɗanda suka rage a buɗe.

Sai 2007 ta zo da bugun da ni a ganina shi ne ya karya ƙashin bayan makarantar. Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ce kowace jiha ta fitar da jerin makarantun da ke da haɗari a kai a kai, kuma dole a rubuta wa iyaye takarda a gaya musu suna da damar cire 'ya'yansu. Jihar New York ta saka Jamaica a jerin. Matsalar wannan jeri ita ce da rahoton da makaranta ta kai da kanta ake haɗa shi, firinsifal ɗin da ya rubuta kowace rigima a takarda sai makarantarsa ta fito da muni, wanda ya share ya yi shiru tasa ta fito fes, shi ya sa za ka ga wasu jihohi manya sun ce su ba su da ko makaranta ɗaya mai haɗari. Malaman Jamaica sun dage cewa abin da ya same su kenan, an matsa a rubuta komai har ƙananan laifuka. Shekara ta zagayo aka cire sunanta daga jerin, amma takardar ta riga ta shiga gidaje, ɗalibai sama da ɗari sun tafi, kuma wace uwa ce za ta rubuta sunan makarantar da gwamnati da kanta ta ce tana da haɗari a fom ɗin ɗanta na shekara mai zuwa?

A New York kuɗin makaranta yana bin kan ɗalibi ne, yaro ya tafi kuɗinsa ya bi shi. To kaga yadda abin yake zagayawa, ɗalibai sun ragu, kasafi ya ragu, an rage malamai da masu ba da shawara, an soke wasu darussa, makarantar ta ƙara rashin farin jini, wasu ɗaliban suka sake tafiya, azuzuwa suka zama fanko. Da azuzuwa suka zama fanko sai hukuma ta ce ai ga wuri, a 2008 aka shigo da wata sabuwar ƙaramar makaranta Queens Collegiate cikin ginin. Nan fa abin ya zama a ido, gini ɗaya, matakala ɗaya, amma a wancan ɓangaren ajin ƙarami ne ga allon zamani ga kwamfutoci sababbi saboda sabuwar makaranta tana samun kuɗin farawa, a wannan ɓangaren kuma aji ya cika maƙil har 34 wanda shi ne iyakar da yarjejeniyar ƙungiyar malamai ta yarda. Yara ba wawaye ba ne, suna gani. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin, yaro ɗan shekara 15 ya riƙa wucewa ta ƙofar ajin da ya fi nasa komai kullum da safe, kuma ya san gwamnati ɗaya ce ke da duka biyun.

A Disambar 2009 hukumar Klein ta sanar za ta rufe Jamaica. Hujjarta ita ce kasa da rabin ɗalibai ne ke gamawa cikin shekara huɗu, makin da take samu a katin sakamakon da birni ke ba makarantu ya yi ƙasa, kuma iyaye ba sa zaɓenta. Duka ukun gaskiya ne, ba ƙarya suka yi ba. Makarantar da rabin yaranta ba sa fita da satifiket a kan lokaci ba za a ce lafiya take ba, kuma masu kare ta da suka riƙa magana kamar komai daidai ne ba su taimake ta ba. Amma a duba yadda ake lissafin. Ana ɗaukar duk yaran da suka shiga aji tara a shekara ɗaya a ga nawa suka gama bayan shekara huɗu, kuma a lokacin gamawa na nufin cin jarrabawar jiha ta Regents guda biyar har da ta Turanci. Yarinyar da ta zo Amurka tana da shekara 16 ba ta jin Turanci ko kaɗan, wataƙila ma ta yi shekaru ba ta zuwa makaranta a ƙasarsu, in ta gama a shekara biyar ko shida ai abin a yi mata biki ne, doka ma ta ba ta dama har ta kai 21, amma a wancan lissafin na shekara huɗu faɗuwa ce aka rubuta wa makarantar. Kamar a yi ta ɗibar ruwa a randa ana kai wa maƙwabta ne, sannan a leƙa a ce randar nan ba ta riƙe ruwa.

Kwamitin da ke yanke hukuncin rufe makaranta a lokacin mutum 13 ne, takwas magajin gari ke naɗa su kuma yana iya cire su duk lokacin da ya so, ya ma taɓa yi a 2004 da wasu suka nuna za su ƙi wata manufarsa, aka sauke su kafin a kaɗa ƙuri'a. Don haka da aka taru a ɗakin taron makarantar Brooklyn Tech a ƙarshen Janairun 2010, mutane ɗaruruwa suka yi layi suna magana, iyaye da yara da malamai, har wajen ƙarfe uku na dare, kowa a ɗakin ya san yadda ƙuri'ar za ta kaya tun kafin a fara. Aka amince a rufe makarantu 19, Jamaica na ciki. Ƙungiyar malamai ta UFT da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP suka garzaya kotu, a watan Maris mai shari'a Joan Lobis ta soke hukuncin, ta ce birni bai bi dokar 2009 ba wadda ta wajabta a yi cikakken bayanin yadda rufewa zai shafi ɗalibai kuma a saurari jama'a da gaske. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a watan Yuli.

An yi murna, amma nasarar ta takarda ce. Kotu ba ta ce makarantar tana da kyau ba, cewa ta yi ba a bi ƙa'ida ba, kuma ƙa'ida abu ne da ake iya komawa a bi. Kafin nan ma lokacin zaɓen makarantu ya riga ya wuce da sunan Jamaica a matsayin wadda za a rufe, sabbin ɗaliban da suka shigo a Satumbar 2010 'yan kaɗan ne, kuma a wannan shekarar aka ƙara shigo da wasu makarantu biyu cikin ginin, Hillside Arts and Letters Academy da High School for Community Leadership. A ƙarshen shekarar wasu ɗaliban Jamaica da na Queens Collegiate suka haɗu suka shirya wasan kwaikwayo a kan abin da ke faruwa da su, suka ɗora shi a kan tsohon labarin Girkawa na Antigone, aka fara hana su nunawa saboda ya taɓa manya, sai da maganar ta fita jaridu aka bari. Abin lura a nan yaran ɓangarorin biyu ne suka yi shi tare, su ba su ɗauki juna abokan gaba ba.

A Fabrairun 2011 kwamitin ya sake kaɗa ƙuri'a, wannan karon an cike takardu yadda doka ta ce. Klein ya riga ya tafi, wadda ke kan kujerar ita ce Cathie Black, shugabar kamfanin mujallu da ba ta taɓa aikin makaranta ba, wadda ko wata huɗu ba ta cika ba aka sauke ta. An sake zuwa kotu amma ba a dace ba. A 2011 ɗin kuma aka ɗauke shirin Gateway, wato shirin kimiyya na yara masu ƙoƙari wanda yake cikin Jamaica ɗin kanta kuma yana cikin abin da take taƙama da shi, aka mai da shi makaranta mai zaman kanta, Jamaica Gateway to the Sciences.

Rufewar ba a rana ɗaya ake yi ba, a hankali ake yi, kuma ni ban san wata hanya da ta fi wannan cin rai ba. Ba a ɗaukar sabon aji, waɗanda ke ciki su ci gaba har su gama, kowace shekara aji ɗaya ya ɓace. A takarda abin yana da tausayi, ba a kori kowa ba. A zahiri kuwa shekara uku ne na raguwa, malamai suna neman wajen gudu tun da wuri, waɗanda ba su samu ba a jefa su rukunin malaman da ba su da aji na dindindin ana yawo da su makaranta zuwa makaranta, darussan matakin jami'a su tafi, na zaɓi su tafi, ɗakuna a miƙa wa sababbin makarantu ɗaya bayan ɗaya, yaran da suka rage a matse su a wani lungu na ginin da sunan makarantarsu ke rubuce a goshinsa. Lokacin da Bill de Blasio ya hau mulki a Janairun 2014, mutumin da ya yi kamfe yana sukar rufe makarantu, ba abin da ya rage da za a ceta.

To yanzu tambayar da ta fi wuya, shin Bloomberg da Klein sun yi kuskure? In za a yi adalci dole a kawo abin da bincike ya nuna, kuma bai yi wa masu adawa da su daɗi ba. Cibiyar bincike ta MDRC ta bi yaran da suka shiga ƙananan makarantun ta hanyar ƙuri'ar sa'a da ake jefawa in masu nema sun fi kujeru yawa, ta kwatanta su da waɗanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansu ba, wato yara iri ɗaya sa'a ce kawai ta raba su, ta samu waɗanda suka shiga sun fi gamawa da wajen kashi 9 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, dubban yara ne da suka samu satifiket waɗanda da ba za su samu ba. Wani binciken na jami'ar New York da ya fito a 2015 ya duba sakandare 29 da aka rufe a farkon zamanin Bloomberg, ya ce yaran da ke ciki lokacin rufewa abin bai canza musu sakamako sosai ba, na bayansu da suka tafi wasu makarantu kuma sun amfana. Jamaica ba ta cikin 29 ɗin don nata ya zo daga baya. Yawan masu gama sakandare a birnin gaba ɗaya ma ya tashi daga ƙasa da rabi zuwa sama da kashi 60 a waɗannan shekaru. Duk wanda ya ce tsarin bai yi komai ba son rai ne ke magana.

Amma abin da binciken ƙuri'ar nan ya auna shi ne yaran da suka cike fom suka nemi ƙaramar makaranta. Yaron da ya sauka a filin jirgin Kennedy a tsakiyar zango, wanda ke can kusa da Jamaica, baya cikin kowace ƙuri'a. Kuma ko an yarda cewa wasu manyan makarantun sun lalace har ba sa gyaruwa, ba a nuna cewa Jamaica tana cikinsu ba kafin a fara zare mata jini. Makaranta ce da ta riƙe mutuncinta bayan farare sun tafi, ta riƙe bayan talaucin 1975, tana da shirin kimiyya mai kyau har hukuma da kanta ta ga ya isa ya zama makaranta. Faɗuwarta mafi muni ta zo ne a daidai shekarun da manufofin hukuma suka taru a kanta, jerin masu haɗari, takardar cire yara, kuɗi mai bin kai, turo mata duk wanda ba shi da wuri, cusa wasu makarantu a cikin gininta. Hukumar da ta yi duk wannan ita ce kuma ta zauna ta auna ta ta ce ta gaza. Ban ce an zauna a ɗaki an ƙulla mata makirci ba, ba na buƙatar in ce haka, kowace manufa ita kaɗai tana da hujjarta mai kyau, haɗuwarsu ce a kan makaranta ɗaya ta yi kisan, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin ya tsaya ya duba haɗuwar.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Makarantar unguwa mai shekara sama da ɗari tana da tsofaffin ɗalibai da ke dawowa su ba da tallafin karatu, tana da malamin da ya koyar da uwa ya koyar da 'yarta, kuma tana da wani nauyi da ƙananan ba su da shi, na cewa duk yaron da ke yankin nan nata ne ko ya iya ko bai iya ba. Da aka raba nauyin nan gida huɗu kowace da adadinta da takenta, sai ya zama ba na kowa ba kai tsaye, ya koma hannun ofishin rajista.

Ginin yana nan, tun 2009 ma hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin ta saka shi cikin waɗanda ba a taɓawa, shekarar da aka sanar za a rufe makarantar da ke cikinsa. Makarantu huɗu ne a ciki yanzu, kuma sakamakon gamawarsu ya fi na Jamaica a shekarunta na ƙarshe nesa ba kusa ba. De Blasio kuma ya gwada ɗaya hanyar da masu adawa da rufewa suka daɗe suna nema, a ƙarshen 2014 ya ɗauki makarantu 94 masu rauni ya ce ba za a rufe su ba za a zuba musu kuɗi da asibitin cikin makaranta da ƙarin awa na karatu, aka kashe sama da dala miliyan 700, a 2019 aka naɗe shirin, wasu sun ɗan farfaɗo, da yawa ba su motsa ba, wasu ma a ƙarshe rufe su aka yi ko aka haɗe su da wasu. Su ma iyaye masu zaɓi sun ci gaba da guje musu, ofishin rajista kuma ya daɗe yana tura musu yaran tsakiyar zango kafin a rage.